Gwani Biyu a Kwamfuta Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Alhamis, can ƙarshe-ƙarshen shekarun tamanin, da na tsaya a gaban mutum uku da suka girme ni, ina yi musu bayanin abin da sunayensu suke yi a cikin kwamfuta. Har yau in na tuna sai na ji bayan wuyana ya ɗauki zafi.

Lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, na samu aiki a wani ɗan ƙaramin kamfani a Kakuri, bayan masaƙu. Aikinmu gyaran allunan lantarki na injinan saƙa. Mai kamfanin, Alhaji, tsohon injiniya ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan cewa a'a. Sai Madam Rahila, babbar mai zane, wadda take zuwa daga Barnawa kullum bakwai da rabi, ko ana ruwan ƙanƙara. Sai Baba Yohanna, dattijon da ya tsufa da ƙarfen soda na liƙa wayoyi a hannu, wanda in ya haɗa waya ba ta sake ɓallewa, sai dai kafin ya haɗa ɗin za ka iya zuwa Makera ka ci tuwo ka dawo. Na huɗunsu ni ne, ɗan gwaji na wata shida. Takardar tabbatar da ni a aiki tana cikin durowar Alhaji, hannu kawai ya rage ya sa. (A gida kuwa, a Tudun Wada, na riga na gaya wa mahaifiyata cewa magana ta ƙare, har ta yi sadakar waina.)

A shekarar kayan gyara suka yi wuyar samu, sai Alhaji ya yanke shawarar mu tattara duk aikin wani tsohon allo mu dunƙule shi cikin aisi guda, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da ake gani a cikin rediyo. Mu za mu zana a kwamfuta, mu aika da faifan zanen wani kamfani a ƙasar waje su ƙera. Su kuma ba kullum suke karɓa ba. In faifanmu bai isa ofishin masu aika saƙo da ke ƙetaren kogi kafin ƙarfe huɗu na wannan Alhamis ba, sai bayan wata uku, masaƙar da ta ba mu aikin kuma ta ce ba za ta jira ba. Alhaji ya faɗa mini da bakinsa, “Faifai ya tafi Alhamis, takardarka ta fito Juma'a.”

Zanen aisi ba a yin sa dunƙule. Ƙananan gutsattsari ake haɗawa kamar tubala, kowanne da aikinsa, sel muke ce musu. Kowane sel yana da suna, da sunan kuma kwamfuta take nemo shi. Ba ta san kyau ba, ba ta san muni ba, suna kawai ta sani. Shi ya sa Madam ta kafa doka, ta kuma ajiye wani koren littafi dominta: kowane sel suna ɗaya, haruffa biyu, lamba biyu, sai harafin ƙarshe mai nuna gyara na nawa ne. Ka taɓa sel ko da layi ɗaya ne, to ka ba shi sabon suna, ka shigar a littafi, ka goge tsohon daga kwamfuta. Takan ce, “Ƙanena, suna biyu a kan abu ɗaya rigima ne, abu biyu a kan suna ɗaya kuma masifa.”

Ni kuwa ina ganin wannan duk ƙa'idar tsofaffi ce. Yaro da digiri sabo fil, a ce in zauna ina haddace KT07B kamar lambar mota? Kwamfutarmu ɗaya ce tak, Madam da safe, ni da rana, kuma in ta tashi ba mai duba abin da nake yi. Sai na fara raɗa wa sel ɗina sunayen da zan riƙa tunawa, da niyyar in mayar musu da na littafi kafin a haɗa rabin zanen da aka ba ni da nata rabin.

To ga inda Shaiɗan ya ja ni. A cikin aisi magana biyu ce kawai, e da a'a, wato akwai wuta ko babu. Akwai sel ɗin da in ka ba shi e, a'a yake fitarwa. Na sa masa ALHAJI. Akwai wanda ba ya buɗe hanya sai sharuɗɗa huɗu sun cika cif, shi ne MADAM. Akwai wanda aikinsa kawai ya riƙe saƙo ya ɓata lokaci kafin ya miƙa gaba, wannan ba sai na faɗa ba, YOHANNA. Sai na ƙarshe, wanda ni na ƙirƙira daga tushe, mai ƙirga bugun injin ya tsayar da shi a na goma sha shida. Shi na sa wa GWANI. (E, na sani. Ba sai kun ce komai ba.)

Gwanin farko bai iya ƙirga ba. A sha biyar yake tsayar da injin. Na gano da kaina, na gyara a ɓoye, ban gaya wa kowa ba, ban canza suna ba, ban goge tsohon ba. Gyararren yana kan faifaina, tsohon yana kwance can cikin kwamfuta, dukansu GWANI. Na gwada rabina da gyararren ya fita lafiya, na kai wa Alhaji takardar sakamako ina wani ɗaga kafaɗa.

Ranar Laraba da yamma, ina sauri, na bi jerin sel ɗin da ke faifaina na canza musu sunaye zuwa na littafi, na miƙa wa Madam. Abin da ban yi ba shi ne buɗe zanen kansa. A can ciki, kowane sel yana nan yana kiran maƙwabcinsa da tsohon suna. Na canza lambar ƙofa ne kawai, mutanen gida suna nan da sunansu na yanka.

Alhamis da safe Madam ta haɗa rabi da rabi, ta sa gwaji. Gwajin nan minti hamsin yake ci, kwamfutar tana gurnani, mu kuma muna zagaye ta. Wajen ƙarfe goma sakamako ya fito. Madam ta matsa kusa da gilashin kwamfutar, ta ƙirga da bakin biro, ta sake ƙirgawa.

“A sha biyar yake tsayawa,” in ji ta.

Sha biyar. Na san wannan ciwon kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Kwamfuta ta nemi GWANI, ba ta samu gyararren ba tunda na sauya masa suna, sai ta lalubo tsohon da na bari. Ban kai ga numfashi na biyu ba na riga na gane komai.

Alhaji ya dube ni. “Kai, rabinka fa?”

Da na buɗe baki a wannan lokacin, da magana ta ƙare kafin sha ɗaya. Amma in na ce GWANI, sai an buɗe zanen, in an buɗe kuma ga ALHAJI zaune kusa da shi da manyan haruffa. Sai na ji bakina yana cewa, “Ranka ya daɗe, ai rabina ya wuce gwaji tun makon jiya. Takardar tana teburinka.”

Ba ƙarya na yi ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Alhaji ya juya kan Madam, ya ce to matsala tana wurin haɗi, haɗi kuma aikinta ne. Ba ta yi musu ba. Ta gyara zama, ta cire agogonta ta ajiye a kan tebur, ta fara bin nata rabin waya bayan waya.

Dabarata a lokacin ita ce in jira ta tashi. Minti biyar kawai nake buƙata a gaban kwamfutar nan, in gyara sunaye huɗu, in ce a sake gwaji mu gani ko an dace. Sai dai baiwar Allah ta ƙi tashi. Sha ɗaya ta wuce. Ta samu wani wuri da take zargi, ta ɗan canza, ta sake sa gwaji, ta zauna tana kallon gilashin har minti hamsin ɗin suka cika. Sha biyar dai.

Na matsa kusa da ita da muryar mutanen kirki. “Madam, ki je ki ci abinci mana, ni sai in riƙe miki.”

“Na gode, ƙanena. Ba zan iya haɗiya ba.”

Kular abincinta tana gefe ba ta ko buɗe ba. Na kawo mata ruwa kofi biyu (Allah ya yafe mini, kun san lissafin da nake yi), ta sha rabin ɗaya ta ture. Na ga gefen goshinta yana naso, tana ta murza yatsu. Matar da ta shekara goma sha tana wannan aiki ba a taɓa kama ta da kuskure ba, ga ta tana neman laifin da ba nata ba. Na ji tausayinta sosai, amma tsoron da nake ji ya fi tausayin nauyi.

Da azahar ni da Alhaji muka fita sallah a ɗan masallacin bakin titi. Ba zan ɓoye muku ba, a sujada abin da na roƙa shi ne Allah ya tayar da Madam Rahila daga kan kujerar nan. Muka dawo muka same ta yadda muka bar ta. Baba Yohanna ma ya bar bencinsa ya zo ya tsaya a bayanta, hannu a baya, yana cewa, “A bi a hankali, ƴata, za a gani.” Direban Alhaji ya riga ya juya kan mota yana jira, don in uku da kwata ta wuce ba a tashi ba, cunkoson gada kaɗai ya isa ya cinye sauran lokacin.

Jiniyar masaƙa ta ƙarfe biyu ta yi kuka. Alhaji ya dubi agogo, ya ce da Madam, “Rahila, in abin ya fi ƙarfinki ki faɗa, in buga wa mutanen masaƙa waya in ba su haƙuri.”

Ta ce, “Oga, na bi nawa sau biyu, ban ga komai ba. A yi kiran suna.”

Kiran suna wata al'adarmu ce ta ƙarshe kafin a rufe kowane aiki. Ana buga jerin duk sel ɗin da zanen ya yi amfani da su, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya riƙe koren littafi yana amsawa. Na san da ita sarai. Na dai ɗauka sunayen da na canza ne za su fito.

Firinta ta fara ƙara, takarda mai huji-huji a gefe tana fitowa a hankali. Na yi wuf na ce bari in yago, Madam ta riga ni. Alhaji ya sa tabarau, ya buɗe littafi.

“KF01A,” in ji Madam.

“Akwai.”

“KF02C.”

“Akwai.”

Haka suka yi ta yi, ni kuma ina ƙirga layukan da suka rage kafin a shigo rabina. Gumi ya jiƙa mini riga har singileti. Sai na ji Madam ta tsaya. Ta kawo takardar kusa da ido.

“Alhaji,” ta ce.

“Ina ji, ci gaba.”

“A'a, Oga. Abin da aka rubuta ke nan.”

Ta miƙa masa. Ya bi layin da yatsa, ya sauka ƙasa, leɓensa yana motsi. Ya karanta sauran da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ɗaga murya ba: MADAM, YOHANNA, GWANI. Ya cire tabarau ya ninke.

“Waɗannan ba sa cikin littafi,” ya ce. “Na wane ne?”

“Nawa ne, ranka ya daɗe.”

“To. Wannan Alhajin, mene ne aikinsa?”

Na ce ai suna ne kawai, na wucin gadi. Ya ce bai tambaye ni tsawon ransa ba, aikinsa ya tambaya. Na dubi ƙasa, ƙasa ta ƙi tsagewa. Na ce, “In aka ba shi e, sai ya mayar da ita a'a.”

Ya gyaɗa kai kamar na ba shi labarin farashin waya. “Madam fa?”

“Ba ta buɗewa sai sharaɗi huɗu sun cika.”

“Huɗu kawai?” in ji Madam, ba tare da ta dube ni ba.

Sai Baba Yohanna ya matso, yana goge hannu da tsumma, fuskarsa a sake, don shi a zatonsa karramawa ce. “Ni fa, ɗana? Wane aiki ka ba ni?”

Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo. Mutumin nan shi ya koya mini riƙe ƙarfen soda. Ranar da na ƙona wani allo a watana na farko, shi ya zauna ya gyara bai gaya wa Alhaji ba. In ya je ƙauye har doya yake kawo mini in kai gida. Na ce da wata ƴar murya da ban san ina da ita ba, “Jinkiri yake yi, Baba. Yana riƙe saƙo kafin ya miƙa.”

Murmushin ya tafi a hankali. Ya ce, “To,” ya ninke tsummansa.

“Saura Gwani,” in ji Alhaji. “Wannan kuma wane ne a cikinmu?”

Sai kawai na zazzage komai: yadda na farkon yake tsayawa a sha biyar, yadda na gyara ban canza suna ba, yadda na bar tsohon a kwamfuta, yadda na sauya sunaye a jeri ban shiga cikin zane ba. Sauran ukun ban taɓa yi musu gyara ba, shi ya sa tsofaffinsu suka yi aiki daidai. Gwani ne kaɗai ya kasu biyu.

Madam ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, karon farko tun safe. Idonta ya yi ja. “Tun yaushe ka sani?”

“Tun ƙarfe goma.”

“Ka tsaya a nan kana kawo mini ruwa.”

Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Ta tashi daga kujerar, kujerar da na yini ina roƙon Allah ta bari, ta nuna mini ita da hannu. Agogo ya nuna biyu da minti ashirin.

Na zauna, mutum uku a tsaye a kaina. Madam ta riƙe littafi tana karanto sunan gaskiya, ni ina shiga cikin zane ina cire na ƙarya. Ta sa na goge tsofaffin a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai kwamfuta ta tambaya ko na tabbata. Da muka zo kan ALHAJI, mai sunan ya ce daga bayana, “Ka tabbata?” Ba wanda ya yi dariya. Aka sa gwaji biyu da rabi daidai.

Minti hamsin ɗin nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Direba ya leƙo sau biyu. Ina ta addu'a kada a ɗauke wuta, don kafin a tayar da janareta gwajin ya mutu sai a faro daga farko. Uku da kwata ta wuce muna tsaye. Uku da minti ashirin sakamako ya fito, Madam ta sa bakin biro ta ƙirga a fili, muna bin ta da ido. Sha huɗu, sha biyar, sha shida, ya tsaya.

Aka kwafe a faifai, aka sa a ambulan, direba ya fizgi mota. Daga baya ya ba mu labari cewa ana jan ƙofar ofishin ya sa ƙafa ya tare.

Sai a lokacin Baba Yohanna ya yi magana. Ya ce, “Ashe gwanin biyu ne, ɗaya ya iya, ɗaya bai iya ba. Kwamfuta kuma ta ɗauki wanda ta fi sani.” Ya koma bencinsa da tafiyarsa ta kullum, ba sauri.

Washegari Juma'a, saboda rashin kunya irin ta ƙuruciya, na shiga ofishin Alhaji na tsuguna na ba da haƙuri, sannan na ɗan tuna masa cewa faifai dai ya tafi Alhamis. Ya buɗe durowa, ya ciro takardar, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya mayar ya rufe.

“Ai kai ka rubuta aikina,” ya ce. “Ka kawo e, a'a ta fito.”

Ya ƙara mini wata uku na gwaji. Ya ce ba don sunayen ba, shi an kira shi da abin da ya fi wannan. Don awa huɗun da na bar Rahila tana neman laifina a cikin aikinta ne. Ya kuma ɗauko koren littafin ya ɗora mini a hannu, ya ce daga yau ni ne mai riƙonsa, kowane sel ni zan shigar, kuma ni zan riƙa karanta kiran suna da bakina.

Na je Barnawa ranar Asabar na ba Madam haƙuri a gaban mijinta. Ta karɓa, amma sai da aka yi wata guda kafin ta sake ce mini ƙanena. Baba Yohanna kuwa bai taɓa tayar da maganar ba. Abu ɗaya kawai ya canza: daga ranar bai sake kirana ɗana ba, sai Gwani. Direba ya ɗauka, masu gadin masaƙa suka ɗauka, sunan ya bi ni har Tudun Wada. Mahaifiyata, wadda na sha wuya kafin in yi mata bayanin inda takardar ta maƙale, ta ji ana kirana da shi ta ce to alhamdulillahi, ko ba komai sun san darajarka a wurin aiki.

Takardar ta fito bayan wata ukun. Na yi shekaru ina wannan sana'a, na horar da matasa da yawa, kuma duk wanda ya zo abu biyu nake fara gaya masa. In ka gyara abu, ka canza masa suna ka goge tsohon. Sannan kada ka rubuta sunan da ba za ka iya karantawa da ƙarfi a gaban mai shi ba. In sun tambaye ni inda na samo wannan hikima, sai in ce musu ai ba banza ake ce mini Gwani ba, in yi sauri in canza magana.